'Yar Japan ɗin da muka sauka a gidanmu ba ta ci, ba ta magana: in mayar da ita ne?

Assalamu alaikum Anti. Daga Accra nake rubuto miki, a Madina muke zaune. Wata ƙungiyar musayar ɗalibai ce ta zo makarantar su 'yata tana neman gidajen da za su riƙe yaran ƙasashen waje na shekara ɗaya, muka bada suna, aka kawo mana yarinya 'yar Japan mai shekara 16. Yanzu ta kusa wata biyu a wajenmu amma wallahi na rasa gane kanta. Abinci sai ta ɗan tsakura ta ce ta ƙoshi, har ta fara ramewa. Tana dawowa daga makaranta sai ɗaki, ta ja ƙofa. Duk abinda na tambaye ta sai murmushi da "oke". 'Yata ta ce tana jin kukanta da daddare in ta gama waya. Maigida ya fara cewa raini ne, tunda ba ta zuwa gaishe shi da safe, kuma ta taɓa miƙa masa abu da hagu. Surukata kuma ta dage sai an sa mata mayafi an koya mata sallah. Ga wata taliya da na gani cikin kayan da iyayenta suka aiko, 'yata ta duba da waya ta ce akwai alade a ciki. In kira ƙungiyar su canza mata gida ne, ko ya zan yi?
Uwa mai damuwa

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya saka miki da alheri da kika buɗe ƙofar gidanki kika karɓi 'yar wasu daga wata uwa duniya, ba kowa ke iyawa ba. Dan Allah kar ki kira su da maganar canza gida tukuna. Kiran dai za ki kira, amma a kan wata magana daban, zan zo kanta.

Ramar nan ce ta fara tayar min da hankali, dan haka da ita zan fara. Kinsan a Japan babu zazzaɓin cizon sauro, sun daɗe da rabuwa da shi, jikin yarinyar nan bai taɓa haɗuwa da maleriya ba, kuma irinsu in ta kama su ba kamar mu bane da za mu sha magani mu ci gaba da hidima, cikin kwana ɗaya biyu sai ta kwantar da mutum har abin ya zama na gaggawa. Yawanci ana haɗo su da maganin riga-kafi daga can. Ki ce ta nuna miki kwalin. In doxycycline ne, shi wannan in an sha shi cikin mutum babu komai yana sa tashin zuciya da ƙwannafi, mutum ya ji abinci ya fita kansa gaba ɗaya, ana shansa ne da abinci da ruwa cike da kofi kuma ba a kwanciya nan take. In mefloquine ne, shi kuma an san yana sa wasu mutane mugayen mafarkai da fargaba da ƙuncin zuciya. Kinga kenan wataƙila rabin abinda kike gani daga kwalin magani yake fitowa. Kar ki ce ta daina sha da kanki, ku je wurin likita ya duba ya ga ko za a canza. Ki kuma tabbatar tana kwana a gidan sauro, ki ajiye abin gwada zafin jiki a gida, ranar da zafin jikinta ya kai digiri 38 babu jira babu "bari mu ga gobe", asibiti a gwada jini. Sai ruwa. A ƙasarsu daga famfo ake tara kofi a sha, dan haka ki faɗa mata ɓaro-ɓaro wane ruwa ake sha a gidanki wane ne ba a sha, kuma ki tambaye ta ku biyu kaɗai ko cikinta na ɓaci, domin yarinya irin wannan za ta yi sati tana zawo ba za ta iya buɗe baki ta gaya miki ba.

Shirun nata kuma, ni ban ga raini a ciki ba ko kaɗan. Kara take yi muku. Mu da muka tashi cikin kunya da kawaici bai kamata ma abin ya ba mu wuyar ganewa ba, ki tuna amarya a makon farko a gidan surukai, yunwa na cinta amma in an ce ta ƙara sai ta ce ta ƙoshi. To su Japanawa tun yaro na ƙarami babban abinda ake cusa masa shi ne kar ya zama nauyi a kan mutane, kar ya dame su, kar ya sa wani ya ji kunya a gabansa. In abu bai mata daɗi ba murmushi za ta yi. In ba ta gane maganarki ba, murmushi za ta yi ta gyaɗa kai dan kar ki ji kamar ke ce ba ki iya bayani ba. Shigewa ɗakin nan ma a nata lissafin kyautatawa ce, tana ba ku wuri ne ku sake da iyalinku. Ita tana can tana ƙoƙarin zama baƙuwar kirki, ku kuna nan kuna cewa ba ta son ku, kowa na jiran ɗaya ya fara matsowa. Kuma ke ce babba, ke ce uwa, gidanki ne, ke za ki matsa.

Ina kyautata zaton har yau hidimar baƙuwa kike mata, a zuba mata abinci a kai mata, ta ɗauki tsintsiya a karɓe, ta shigo kicin a ce je ki huta. A hadisi ma liyafar baƙo kwana uku ce. Wata biyu ai ta wuce baƙunta, kuma duk ranar da kika hana ta wanke kwano, abinda take ji shi ne har yanzu ba a ɗauke ta 'yar gida ba. A makarantun Japan ɗalibai ne da kansu ke share aji da baranda kullum, a firamare su ke raba wa junansu abincin rana, aiki ba baƙon abu bane a wurinta. Ki ba ta nata aikin takamaimai, wanda in ba ta yi ba za a ga ba a yi ba: wanke-wanken dare ita da 'yarki, ko yanka albasa da tumatir, ko rakiyar cefane kasuwar Madina ranar Asabar. A bakin aiki magana ke fitowa, ba sai kin zaunar da ita kin zuba mata ido kina tambayar me ke damunta ba.

Kar ki manta da gajiyar yare. Turancin da aka koya mata a makaranta ya fi ƙarfi a karatu da rubutu, kunne bai saba ba. Ta wuni a aji tana kokawa da Turancin Ghana mai sauri, a motar haya, tirotiro, ana yaren Twi, ta dawo gida ana Hausa, wallahi ko babba ne zuwa la'asar kansa ya yi zafi. Ki bar mata awa ɗaya bayan makaranta ta rufe ƙofarta ba tare da kowa ya ji haushi ba, amma ki kafa dokar cewa abincin dare tare ake ci, bayansa kuma a ɗan zauna falo ko na rabin awa ne. Sannan ki canza yanda kike tambaya. "Lafiya kike?" ko "abincin ya yi?" amsarsu kullum oke ce. Ki riƙa ba ta zaɓi: shinkafa ko doya, ƙwai ko kifi, cikin abinci ukun nan wanne ya fi miki sauƙi. Abinda ya fi komai aiki, ki sayi ɗan littafin rubutu ki ajiye tsakaninku, ki rubuta mata layi biyu uku da Turanci mai sauƙi ki tura ta ƙasan ƙofa, ita ma ta rubuto. Za ki sha mamakin abinda yarinyar da ba ta iya haɗa jimla a baki za ta zuba a takarda, tunda a rubutu tana da lokacin duba ƙamus kuma ba ta kallon fuskarki.

Maganar abinci ina so in ɗan daɗe a kanta saboda nan ne ake yawan ɓata. A gidajensu ana koya wa yaro ya cinye abinda ke kwanonsa har ƙwayar shinkafa ta ƙarshe, barin saura abin kunya ne. Ke kuma saboda ƙauna kina tula mata waakye, wato shinkafa da wake, da taliya da gari da ƙwai da soyayyen yajin nan shito a faranti ɗaya, tun kafin ta kai loma ta san ba za ta iya cinyewa ba, sai cikin ya ɗaure. Ki ba ta ƙaramin faranti ta zuba da hannunta. Yaji a gefe, shito a gefe, mai a rage. Abincinsu na kullum farar shinkafa ce zalla babu mai babu gishiri, da kifi gasasshe, da ɗan romo, da ganye. Kinga ba abu ne mai wuya ba, in kin dafa shinkafa ki ɗebar mata tun kafin a haɗa, ki gasa mata tilapia ko ki dafa ƙwai. Tuwo da fufu kuma, mu haɗiya muke yi, ita kuwa akwai wani curin shinkafa mai danƙo da suke ci lokacin sabuwar shekara, mochi, wanda duk shekara sai an kai mutane asibiti ya maƙale musu a wuya, dan haka tun tana ƙarama gargaɗin da ake mata shi ne ki tauna sosai kafin ki haɗiye. In kin ga tana tauna fufu kar yara su yi mata dariya, a nuna mata ƙananan loma da miya da yawa, in ta fi son cokali a ba ta.

Ga kuma abin daɗi: Japanawa na son miya mai yauƙi. Suna cin kuɓewa sosai, suna cin lalo, wannan ayoyon da kuke yi wa tuwon zafi. Suna da wani waken soya da ake ruɓarwa, natto, wanda ƙamshinsa ɗan uwan daddawa ne. Ki gwada mata miyar kuɓewa ko ayoyo mara yaji a kan farar shinkafa ki ga ikon Allah. Wata rana kuma ki bar mata kicin ta dafa muku nasu, ko da dunƙulen shinkafar nan ne da suke yi da hannu da ɗan gishiri, kowa ya ci har maigida.

Shi maigida ki lallaɓa shi, yana da gaskiyarsa ta wani ɓangaren, gaisuwa a wurinmu ba abin wasa bace. Amma babu wanda ya gaya wa yarinyar nan. A can gaisuwar safe kalma ɗaya ce da ɗan sunkuyar da kai in an haɗu a hanyar kicin, yaro ba ya tashi takanas ya je ɗakin uba, zuwa ɗin ma za ta ɗauka takura masa ne. Hagu kuma ba komai bace a wurinsu, girmamawar ita ce ka miƙa abu da hannu biyu. Ki lura, na tabbata tsarabar da ta kawo muku ranar da ta iso da hannu biyu ta miƙa. Hannunka mai sanda ba zai yi aiki a nan ba, a fili za ki faɗa. Ki zauna ki rubuta mata dokokin gidan a takarda: da safe ana zuwa a gaida Baba da Kaka, ga abinda ake cewa, ga amsar, ba a bayarwa ko karɓa ko ci da hagu, ga lokacin dawowa gida, ga yanda ake amfani da buta, ga inda ake shanya ƙananan kaya, ga inda ake zubar da audugar mata, ga yanda ake wanka da bokiti in an ɗauke ruwa. Kar ki ji nauyi wai za ta ga kamar tsanani ne. Yaran Japan cikin doka suka tashi, rashin sanin dokar ne yake firgita su, tana tsoron ta yi kuskure ne shi ya sa ba ta yin komai. Ki sa 'yarki ta riƙo hannunta kwana biyu uku su je gaisuwar tare, ranar da ta durƙusa ta ce "Baba ina kwana" da bakinta zancen raini ya mutu.

In maigida na son hanyar da zai ja ta a jiki, ga wata a kusa da ku. Babu ɗan makarantar Japan da bai san Dakta Hideyo Noguchi ba, hotonsa ne a takardar yen 1000 daga 2004 har zuwa 2024. A nan Accra ya rasu a 1928 yana binciken cutar shawara, akwai lambun tunawa da shi a asibitin Korle-Bu, ga kuma cibiyar binciken da ke ɗauke da sunansa a jami'ar Legon, nan kusa da ku, wadda aka buɗe a 1979 da tallafin Japan. Sunan Ghana ma tun tana yarinya take ganinsa a kantunansu, a jikin jar takardar cakulan ɗin kamfanin Lotte da ake sayarwa tun 1964, kuma mafi yawan kokon yin cakulan da Japan ke shigowa da shi daga Ghana yake zuwa. Ya ɗauki yaran ranar hutu ya kai su Korle-Bu, ya bar ta ita ta ba shi labarin mutumin. Wata biyu kenan kowa na koya mata, ba ta samu inda ita ma za ta koyar ba.

Zancen Hajiya Kaka kuwa, a nan sai kin tsaya da kyau, cikin ladabi amma ki tsaya. Sutura daban, sallah daban. Kina da ikon cewa a gidan nan ga irin shigar da ake yi, ba a fita da gajeren wando, in za a je suna ko biki ko gaisuwar rasuwa a yafa gyale. Wannan dokar gida ce, kuma ina ganin in kin kai ta wurin tela aka ɗinka mata atamfa iri ɗaya da ta 'yarki murna za ta yi. Amma a tsayar da ita a kan sallaya, a'a. Amana ce iyayenta suka ba ku dan karatu, kuma yarinyar da ba ta iya ce miki abinci ya mata yawa ba, in an ce ta yi alwala za ta yi ne kawai dan kar ran Kaka ya ɓaci, wannan kuwa ba musulunta bace. Allah da kanSa Ya ce babu tilas a addini, aya ta 256 a Baƙara. Yawancin Japanawa in ka tambaye su za su ce ba su da addini, duk da suna zuwa wurin bautar Shinto, addininsu na gargajiya, a sabuwar shekara, jana'iza kuma ta Buda ake yi, Musulmi kuma kaɗan ne ƙwarai a ƙasar, mai yiwuwa ku ne Musulmin farko da ta taɓa zama da su a rayuwarta. Abinda ta gani a gidanku shi za ta koma da shi ta ba da labari. In ta yi tambaya a amsa mata da sakin fuska, in tana son kallon sallar idi a tafi da ita. In azumi ya riske ta a wurinku a tabbatar akwai abincinta da rana, ki faɗa mata da bakinki cewa ta ci, in ba haka ba za ta wuni da yunwa dan kara. Ki roƙi maigida shi ya yi wa mahaifiyarsa wannan bayanin, daga bakin ɗanta zai fi shiga.

Taliyar nan ba da gangan bane. Naman alade abincin yau da kullum ne a can, romonsa da kitsensa na cikin taliyar leda da yawa da dunƙulen miyar kori, wasu kayan miyar kuma akwai giyar shinkafa a ciki. Uwarta ta ji 'yarta ba ta cin abinci ne ta kwaso abinda ta san tana so. Dan haka kar ki zubar a gabanta, kar ki ɗaga murya, saƙon uwa ne. Ku zazzage kwalin tare, a duba kowanne da waya, a ware wanda za a iya dafawa a tukunyarki, sauran ta kai wa ƙawayenta na makaranta masu ci. Sai ki tura wa uwar saƙo mai daɗi ki gode mata, ki faɗi abinda ba ya shiga kicin ɗinki, ki ce ta aiko da koren shayi da busasshen ganyen teku da irin barbaɗen da suke sa wa shinkafa. Su LINE suke amfani da shi ba WhatsApp ba, ki sa yarinyar ta sauke miki. Hoto ɗaya na 'yarsu tana dariya a kicin ɗinki zai kwantar wa iyayen nan hankali fiye da dogon bayani.

Kukan dare kuma kewa ce, Hajiya. Japan na gabanku da awa 9, ƙarfe 10 na darenku shi ne 7 na safensu, daidai lokacin da uwarta ke haɗa karin kumallo, shi ya sa wayar ke faɗowa a wannan lokacin, ta ajiye ta ga ita kaɗai a duhu. Wata na biyu zuwa na uku dama shi ne mafi nauyi ga yaran musaya, ɗokin zuwa ya wuce, sabo bai zo ba. Kar ki ƙwace waya. Ku yi yarjejeniya doguwar hira da gida ta koma Asabar ko Lahadi da safe, sauran ranaku saƙo ya isa. In kin ji kukan ki ƙwanƙwasa, ki shiga da ruwan zafi a kofi ki zauna bakin gado, ba sai kin ce komai ba. Ba su saba runguma ba ko tsakanin uwa da 'ya, dafa kafaɗa ya isa a farko. Ki tambayi 'yarki kuma me ke faruwa a hanya, domin yaran unguwa da ke binta da "obroni", wato baturiya, ko "Chaina" kullum yana ci wa mutum rai ko bai nuna ba. Ita ma 'yar taki ki riƙa duba ta, kar a ɗora mata duka nauyin har ta fara jin haushin baƙuwar.

Yanzu kiran da na ce za ki yi. Ki kira ma'aikaciyar da ƙungiyar ta haɗa ku da ita a wannan satin, ki gaya mata zancen rama da magani da kuka, ki nemi a samo mace mai jin Japananci ta zauna da yarinyar su biyu, a waje da gidan. Akwai Japanawa a Accra, ga ofishin jakadancinsu ga ma'aikatan JICA, hukumarsu ta taimakon raya ƙasashe, ƙungiyar ta san yanda za ta samo. A tambaye ta da yarenta ko akwai wanda ke takura mata, a makaranta ko a hanya ko a cikin gidan ma, kar wannan ya ɓata miki rai, haƙƙinta ne a tambaya. In ramar ta ci gaba bayan an ga likita, ko ta daina barci, ko ta ƙi zuwa makaranta, ko ta furta wata magana ta cutar da kanta, wannan ba na jira bane, a ranar za a sanar da ƙungiyar da iyayenta. In babu ko ɗaya cikin waɗannan, ki ba abubuwan nan wata ɗaya cur. In watan ya cika ita da bakinta ta ce wa ma'aikaciyar tana son wani gidan, ki sallame ta da alheri da ɗinkinta da tsarabarta, ana canza wa yara gida a irin wannan shirin kuma ba abin kunya bane gare ki. Ni dai ban ga alamar za a kai can ba. Ki fara da kwalin maganin yau da daddare, gobe ki sayo littafin rubutun, in an kwana biyu ki sake rubuto min in ji inda aka kwana.